Makarantun da Suka Rubuto Babu

Yanar ido ce ta kai ni Kuala Lumpur. Autata tana can tana karatun digiri na uku. Hutun da aka ba mijinta a wurin aiki ya ƙare, ya koma gida ya bar ta da yara biyu a wani dogon gini a unguwar Setapak, hawa na goma sha ɗaya. Ta ce in je a yi mini aikin idon, in huta, in kuma zama babba a gidan na 'yan watanni. Tun rasuwar mahaifiyarta babu abin da ya riƙe ni a gida sai kaji da rediyo, don haka na tafi.

An yi aikin lafiya. Bayan mako biyu ina karanta ƙananan rubutun jikin kwalbar magani, abin da na yi shekaru ban iya ba. Da idon ya buɗe sai zaman banza ya ishe ni. Jikokina suna makaranta tun safe, in sun dawo in yi musu Hausa su amsa mini da Turanci. In na leƙa ta taga ba na ganin komai sai wasu dogayen gine-ginen da shanyar mutane, da ruwan da yake sauka kusan kullum bayan la'asar. Na ce wa Auta ta nemo mini abin yi.

Ta ce, "Baba, shekara talatin da biyar kana aiki, ba ka gaji ba?"

"Da zama na gaji."

"To akwai aiki, amma babu albashi, kuma shugabar tana da faɗa."

"Na yi aiki a ƙarƙashin waɗanda suka fi ki faɗa."

Ni iyakar karatuna takardar malanta mai daraja ta biyu, da ita na koyar a firamare har na yi ritaya ina hedimasta. Saboda haka sai da ta sauko ƙasa sosai kafin na gane abin da take bincike a kai. Akwai ƙananan tsibirai a tsakiyar teku, wasu ƙasashe ne masu cin gashin kansu, wasu har yanzu suna ƙarƙashin wata babbar ƙasa mai nisa. Mutanensu kaɗan ne, makarantunsu ba su da kayan aiki, wani hedimastan shi ne malamin aji uku kuma shi ne magatakarda. Abin da take son sani shi ne ko a irin waɗannan makarantu ana dukan yaro ko a tsorata shi ko a lalata masa kaya saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko harshensa, ko launin fatarsa. Ta ce a manyan ƙasashe an yi rubuce-rubuce a kan wannan har an gaji, amma tsibiran nan ba wanda ya waiwaye su.

Ba ta da halin zuwa can. Fom ta shirya ta aika wa shugabannin makarantu wajen arba'in, ta yi wata takwas tana bin su da saƙo da waya. Wani ya ce layin sadarwarsu sai iska ta lafa yake aiki. Wani ya cike fom ɗin da hannu ya ba jirgin ruwa ya kai babban tsibiri, aka ɗauki hotonsa a can aka turo. Wata ta amsa bayan wata biyar tana ba da haƙuri, wai guguwa ce ta yaye rufin ofishinta. Aikina shi ne in jera waɗanda aka buga a kan teburin cin abinci, tsibiri-tsibiri, in riƙa karanto mata amsoshin tana sawa a kwamfuta.

Tambaya ta huɗu ita ce zuciyar fom ɗin: a cikin shekara biyar da suka wuce, sau nawa aka yi irin wannan abu a makarantarku? Na ɗauki takarda ta farko na karanta. Babu. Ta biyu, babu. Ta uku an rubuta babu, an ja layi a ƙasa, an buga hatimi a kai. Haka muka yi ta yi har azahar. Makaranta biyu ne kawai suka rubuta wani abu, su ma cewa suka yi yara sukan yi tsokana amma ba ta kai ga haka ba.

Auta ta ture kwamfutar ta dafe kai.

"Wata takwas, Baba. Wata takwas ina roƙon mutane, ga abin da na samu."

"To ai babu ma amsa ce."

"Haka Farfesa ta ce. Wai in rubuta abin da takardu suka nuna."

Farfesa ita ce malamar da take duba aikinta. An sa wa Auta ranar da za ta tsaya gaban kwamiti ta kare wannan babin, saura mako bakwai. In babin ya faɗi sai ta ƙara zango guda, wa'adin da masu ɗaukar nauyinta suka ba ta kuma ƙarshen shekarar yake cika. Ba za su ƙara mata ko wata ɗaya ba, sun rubuto sun faɗa.

Tana tattara takardun sai ta ɗago ta dube ni.

"Af, Baba, ai kai ma ka yi hedimasta a tsibiri. An taɓa yin irin wannan a makarantarka?"

Na ce, "A'a. Mu a lokacinmu yara suna tsoron bulala."

Ta yi dariya ta shiga kicin. Ni kuwa tun takarda ta uku, mai layi da hatimi, na gane abin da nake karantawa, domin da hannuna na taɓa rubuta irinta.

Tsibirin da na yi aiki ba na teku ba ne, a tsakiyar babban kogi yake, can yamma da mu. Ina da shekara ashirin da tara aka tura ni, saboda waɗanda suka girme ni duk sun ƙi zuwa. Aji biyu ne na laka da rufin kwano, sauran azuzuwan a gindin bishiya, malamai mu biyu. Duk abin da zai shigo garin ko ya fita, alli ne, wasiƙa ce, mara lafiya ne, sai ta jirgin mai gari, don shi kaɗai ne mai inji. Sufeton makarantu sau ɗaya yake zuwa a shekara, in ruwa ya yi kyau.

A gefen garin akwai wata 'yar unguwa ta baƙin masunta da suka hauro daga can ƙasan kogi. Harshensu dabam, addininsu dabam, komarsu ma ba irin ta mutanen garin ba ce, kuma ana ƙorafin suna kwashe kifi. Yaransu bakwai ne a makarantata. Ɗaya daga cikinsu, ɗan aji huɗu, siriri mai wushirya, ban taɓa koyar da mai kaifin lissafi irinsa ba. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ya ɗaga hannu. A jarrabawar ƙarshen zango ya zo na ɗaya, ɗan ƙanen mai gari ya zo na biyu, ni kuma na tara makaranta na karanta sakamako da babbar murya, na sa aka tafa masa.

A ranar, da aka tashi, manyan yara huɗu 'yan gidan mai gari suka tare shi a bakin ruwa. Suka ɗaure masa hannu ta baya da igiyar koma, suka riƙa danna kansa a ruwa suna ɗagowa, suna ce masa ya koma inda ubansa ya fito, suna kiransa da sunan da ake zagin mutanensu da shi. Da suka gaji ɗaya ya kwaɗa masa filafili a gefen kai. Wata mata mai wanki ce ta kore su.

Washegari uban ya zo da shi. Kunnen yaron na hagu yana zubar da ruwa, in an yi magana ta wannan gefen ba ya juyowa. Uban ya cire hula ya tsaya a ƙofar ofis, ya ƙi zama. Hausarsa ba ta da yawa, abin da ya iya faɗa ya yi ta maimaitawa.

"Malam, ka rubuta. Ka aika ofis. Ba faɗa ba ne. Yarona bai yi faɗa ba."

Na ce zan rubuta. Kuma a lokacin da na faɗa da gaske nake.

Da la'asar mai gari ya aiko a kira ni. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo bandar kifi a kwando aka ajiye a gabana. Bai yi mini barazana ba, wannan zan faɗa domin gaskiya. Cewa ya yi yara ne, ya riga ya sa an zane su, kuma magana in ta haye ruwa ba ta dawowa yadda ta tafi. Ya ce in ofis ya ji ana rikicin ƙabila a makarantar, ƙila su rufe ta su ce yara su riƙa hayewa ƙetare, wa zai bar ɗansa ya hau ruwa kullum? Daga nan ya tambayi jikin maiɗakina. Tana da cikin wata takwas a lokacin, cikin yayan Auta, asibiti kuma yana ƙetare. Ya ce in kwantar da hankalina, duk sa'ar da naƙuda ta tashi jirgi yana nan, ko da yake injin yana ɗan ba da wahala kwanan nan.

Na ɗauki kwandon kifin na tafi gida. A babban littafin makaranta, inda ake rubuta abin da ya faru kowace rana, na rubuta: faɗan yara a bakin ruwa bayan an tashi, an yi sulhu. A takardar rahoton wata da ake aika wa ofishin ilimi akwai gurbin abubuwan da suka faru na musamman. Na rubuta babu, na ja layi, na buga hatimi.

Da aka dawo hutu yaron bai zo ba, ƙannensa mata biyu ba su zo ba, sauran huɗun unguwarsu ma haka. Ƙa'ida ita ce in yaro ya yi wata guda ba ya zuwa, a soke sunansa a rajista da jan biro, a rubuta dalili a gurbin ƙarshe. Na soke suna bakwai a rana ɗaya. A gaban kowanne na rubuta: sun yi ƙaura. Ba su yi ƙaura ba. Sun ƙara shekara uku a tsibirin. Daga tagar ajina ina hango hayaƙin bandarsu, wani lokaci in hangi yaron a cikin kwalekwale yana jan koma tare da ubansa. In muka haɗu da uban a hanya yakan gaishe ni, ni ne nake kawar da kai.

Wannan shi ne abin da na sani ranar da Auta ta tambaye ni na ce mata a'a.

Mako biyar na yi ina riƙe da shi. Ba zan ce ban samu dama ba, kullum muna tare a teburin nan. Sau biyu na buɗe baki, sai in ji ina tambayarta ko ta sayo sukari. Ranar Juma'a nakan hau jirgin ƙasa in je masallaci a Kampung Baru, in ce in na dawo zan faɗa mata, in dawo in tarar tana fama da yara in ce sai gobe. Abin da nake gudu ƙarami ne in aka auna shi da abin da take shirin asara, na sani. Yarinyar nan tun tana firamare take gaya wa ƙawayenta babanta hedimasta ne. Har a shafin godiya na digirinta na biyu ta rubuta cewa a wurina ta koyi riƙon gaskiya a aiki. Ina da kwafin a gida cikin akwati.

Ita kuwa tana ta neman yadda za ta bayyana babu ɗin nan. Ta karanta littattafai, ta yi ta kai da kawowa wurin Farfesa, ta rame. Wata Laraba da hantsi ta ce mu sauka shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gininmu, mu karya, tana so ta karanta mini abin da ta rubuta, in ji ko ya shiga hankali. Muka zauna a teburin waje, aka kawo mana roti, irin gurasarsu, da shayin da suke ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Ta buɗe kwamfuta tana karantawa da Turanci tana juya mini da Hausa inda ta ga na yi shiru.

Abin da ta gina shi ne wannan: a ƙaramin tsibiri kowa ya san kowa, kowa yana bukatar kowa, jirgi ɗaya ake hawa, kasuwa ɗaya ake ci. Wannan kusancin shi yake hana ƙiyayya yin ƙarfi a makarantu. Har ta ba da shawara cewa manyan ƙasashe su yi koyi da su. Rubutun ya yi kyau ƙwarai, da ban san abin da na sani ba da na yarda.

Ta ce, "Yaya ka ji, ranka ya daɗe hedimasta? Na ci ko na faɗi?"

Na ce, "Auta, rufe na'urar nan."

"Bai yi ba ne?"

"Jirgi ɗayan da kika ce ana hawa, na wane ne?"

"Ban gane ba."

"Jirgin yana da mai shi. Hedimasta ma shi yake hawa, matarsa ma shi za ta hau in za ta haihu. Kin aika wa mutum takarda kin ce ya rubuta da hannunsa cewa 'ya'yan mai jirgi sun nutsar da ɗan baƙo, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ba jirgin ya kai. Me kike jira ya rubuta?"

Ta ajiye kofin. Na ba ta labarin tun daga ranar sakamako har zuwa jan biro, ban rage komai ba, har kwandon kifin. Na ce mata in tana son ganin abin, ba a littafin abubuwan da suka faru za ta nema ba, ba kuma a bakin hedimasta ba. Ta nemi rajistar kiran suna. Hedimasta zai iya ƙin rubuta cewa an doki yaro, amma ba zai iya ci gaba da kiran sunan yaron da ba ya zuwa ba, dole ya soke shi, don sufeto yana ƙirga kawuna. Ta duba inda aka soke 'yan gida ɗaya ko 'yan unguwa ɗaya a rana ɗaya a tsakiyar shekara, ta duba irin sunayen, ta duba dalilin da aka rubuta.

Na zaci za ta yi maganar yaron, ko ta yi kuka. Sai ta ce, "Yaushe ka gane?"

"Me?"

"Cewa fom ɗina ba zai kamo komai ba. Yaushe ka gane?"

"Tun ranar farko."

"Ranar da na tambaye ka."

"Ita."

"Mako biyar, Baba." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka zauna kana karanto mini babu, babu, ina sawa. Kana kallo ina zuwa wurin matar nan ina dawowa. Ka san ranar da makarantun can suke tafiya dogon hutu?"

Ban sani ba. Ta ce saura kwana tara. Kuma ba ta da izinin neman rajista. Jami'a fom kawai ta amince mata, duk abin da ya shafi sunayen yara sai an koma wani kwamiti dabam an nemi sabon izini, su kuma sau ɗaya suke zama a wata. Da na yi magana a makon farko, da ta samu zaman watan da ya wuce, da makarantu suna buɗe wata guda cur.

Mai shagon ya zo yana tambaya ko abincin ne bai yi ba. Ta ce masa ya yi tapau, ya ƙulle mana a leda muka hau sama. 

Kwana taran nan ban ga ta zauna ta ci abinci a faranti ba. Farfesa ta taimaka, ta nemo mata izinin wucin gadi, da sharaɗin a rufe sunayen farko na yara kafin a ɗauki hoto; neman izinin ya ci kwana huɗu. Ta rubuta wa makarantu duka. Yawancinsu ba su amsa ba. Wani ya ce rajista sirrin gwamnati ce. Wani ya ce tsofaffin rajistunsu ruwa ya ci, kuma na yarda da shi, na san abin da danshi yake yi wa takarda. Wani ya tambaya, cikin ladabi, me ya sa ba ta gamsu da amsar da ya bayar da farko ba. Ni aikina shi ne in kai yara bakin motar makaranta in ɗauko su, in yi shiru. In na ce sannu sai ta ce yawwa, ba ta ɗago ba.

Makaranta uku suka turo hotuna. Ta buga su ta zube a gabana ta ce, "Ga shi, aikinka ne." Biyu ban ga komai a cikinsu ba sai abin da aka saba, wani ya rasu, wani ya koma babban tsibiri shi kaɗai. A ta ukun, a shafin aji biyar da na aji uku da na aji biyu, na ga an soke yara biyar a mako ɗaya, a tsakiyar zango na biyu. Sunan gidansu iri biyu ne, kuma bai yi kama da sauran sunayen shafin ba. Kafin makon ba su cika fashi ba. A gurbin dalili an rubuta kalma ɗaya da Turanci a gaban kowanne, ma'anarta sun tashi. Makarantar tana cikin waɗanda suka rubuto babu.

Auta ta samu shugabar makarantar a waya ana gobe za su rufe, da safe wajen ƙarfe goma namu. Ta sa wayar a tsakiyar tebur yadda zan ji. Muryar mace ce mai shekaru, mai sanyi, ana jin hayaniyar yara a bayanta. Ta yi wa Auta fatan alheri a karatunta. Da aka zo kan yara biyar ɗin ta ce eh, ta tuna su, iyayensu leburori ne da aka kawo daga wata ƙasa, irinsu ba sa zama wuri ɗaya.

Na ce wa Auta a hankali, "Tambaye ta ina suka koma, kuma wace makaranta ta aika wa takardar canjinsu."

Ta tambaya.  Matar ta ce sai ta duba. Ta ce ita kaɗai ce a makarantar yau, kuma aji yana jiranta. Ta ce, "Tsibirinmu ƙarami ne, 'yata, ki gane." Ta yi sallama ta kashe.

Auta ta dube ni. "Me wannan yake nufi?"

"Suna nan a garin."

"Ka tabbata?"

"A raina na tabbata."

"Ranka ba ya shiga babi, Baba."

Ta yi gaskiya. Ta tambayi Farfesa ko za a iya ɗaukar labarina a matsayin shaida, in zauna a yi mini tambayoyi kamar kowa. Aka ce a'a. Tsibirina na kogi ne ba na teku ba, abin ya wuce shekara arba'in, kuma ni mahaifinta ne. Dalili uku, kowanne ya isa shi kaɗai.

Ranar kwamiti ta fita tun safe, ta dawo bayan la'asar ruwa ya jiƙa mata gefen mayafi. Ta zauna a kujera ba ta cire takalmi ba.

Na ce, "Yaya?"

"Na wuce."

"Alhamdu lillahi."

"Sun ce makaranta uku ba hujja ba ce, guda ɗaya kuma labari ne. Jadawalin fom yana nan yadda yake, shi ne sakamakon da aka amince da shi. Maganar rajista sun ba ni shafi biyu a can ƙarshe, wurin shawara ga masu bincike na gaba."

"Batun kusanci fa, da koyi da su?"

"Na cire. Ɗaya daga cikinsu har yana cewa shi ne ya fi armashi a babin, me ya sa na cire." Ta zare takalmi ɗaya ta riƙe a hannu. "Duk wanda ya buɗe littafin nan, Baba, jadawalin zai fara gani. Mutum nawa ne suke kaiwa shafi biyun ƙarshe? Da sunana a kai zai fita cewa makarantu kusan arba'in ba a taɓa yaron kowa ba."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, ai ni mahaifinta ne, amma in ba ta lokaci kafin ta daina jin haushi. Ta tashi ta shiga ɗaki. Har na bar ƙasar bayan wata guda ba ta ƙara kirana ranka ya daɗe hedimasta ba, ni ma ban nema ba.

Ta gama, ta dawo gida da yaranta, tana koyarwa. Izinin neman rajistar bai ƙare ba tukuna, kuma ko da yake ba zai ƙara mata komai a digiri ba, tana ci gaba da rubuta wa makarantun. In an turo sai ta aiko mini a waya, in buɗe hoton da yatsa biyu in bi layi-layi, in gaya mata shafin da za ta duba. Zuwa yanzu biyu suka ƙaru. A ɗaya na ga abin da na sani, a ɗayan hoton ya yi duhu ba ya karantuwa, ta roƙa a sake ɗauka ba a sake ba. Shugabar makarantar nan mai yara biyar kuwa, tun da aka dawo hutu Auta ta kira ta sau shida, wayar tana shiga, ba a ɗauka.